Kwalli da bututun kare: yadda maganin ƙuma ya kusa kashe kyanwar Hajiya a Garwa

Ana gab da kiran assalatu mai gadin asibitinmu ya buga mini waya, wai ga wani yaro a bakin ƙofa da kwando a hannu, ya ƙi tafiya. Asibitin dabbobi ne ɗan ƙarami a Garwa da ke arewacin Kamaru, likita ɗaya da mu biyu masu taimaka masa, kuma yawancin aikinmu na shanu ne da tumaki da kaji. Sai a yi mako biyu ba a kawo mana kyanwa ko ɗaya ba. Shi ya sa ina buɗe kwandon na gane ta. Kwalli ce, kyanwar wata Hajiya mai sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a unguwar Yelwa. Kwana 20 kafin nan ni da hannuna na ɗora ta a kan sikeli.

Tana kwance ta gefe guda, jikinta na ɓari ba ƙaƙƙautawa. Kunnuwa na motsi su kaɗai, fatar bayanta na zillo, baƙin idon ya buɗe har ya kusa cinye idon duka, miyau ya jiƙe mata ƙirji. A gefen bakinta akwai jan manja. Da na kai hannu bayanta sai na ji gashin ya cure da maiƙo tun daga kafaɗa har tsakiyar gadon baya.

Na ce da yaron, "Me kuka sa mata?"

Ya laluba aljihu ya miƙo mini ɗan bututun roba, da sauran ruwa a ciki. A jikinsa an rubuta "chien", wato kare da Faransanci.

Zan bi lamarin tun daga tushe, domin masu kyanwa da yawa a garin nan suna tsaye daidai inda Hajiya ta tsaya, kuma domin mu ma ma'aikata muna da namu kason a cikin abin da ya faru.

Zuwan farko

Wanda bai taɓa ajiye buhunan gyaɗa a sito ba, ba zai san matsayin kyanwa a irin wannan gida ba. Hajiya na sayen gyaɗa a lokacin kaka, ta tara, ta riƙa sarrafawa har damina. Kafin Kwalli ta zo gidan, ɓeraye na huda buhu su bar mata ɓawo da kashi. Saboda haka da ta ga kyanwar na susa dare da rana, gashin gindin wutsiya na zuba, jikokinta kuma sun fara kwana da jajayen ƙuraje a idon sawu, ba ta tsaya ba. A tsakiyar watan Agusta ta zo da kanta, jikanta mai shekara 15 na riƙe da kwando. A cikin kwandon har da 'yar kyanwa guda mai mako 6, wadda ta rage cikin ukun da Kwalli ta haifa. Ita ce ta yaron.

Gwajin ƙuma ba ya buƙatar na'ura. Na taje bayan Kwalli da ƙaramin mataji a kan farar takarda, wani baƙin gari kamar dakakken barkono ya zubo. Na ɗiga masa ruwa, ya narke ya koma ja. Kashin ƙuma ke nan, jinin kyanwar ne da ta sha ta kasayar. A gindin wutsiya kuma muka ga fararen abubuwa kamar ƙwayar shinkafa, gaɓoɓin tsutsar cikin da kyanwa ke ɗauka idan ta haɗiye ƙuma wajen lasar jiki.

Nauyin Kwalli kilo 3.2. Likita ya rubuta mata maganin ƙuma na ɗigawa a wuya, fifuronil na kyanwa, wanda a kwali ake rubutawa "fipronil", miligiram 50 a cikin bututu mai rabin mililita, a ɗiga sau ɗaya duk bayan mako 4, aƙalla sau uku. Ya haɗa mata da ƙwayar maganin tsutsa. 'Yar kyanwar kuwa giram 600 ce, kuma wannan bututu ba a sa wa wadda ba ta kai mako 8 da kilo 1 ba. Aka ce a riƙa taje ta kullum ana tsoma matajin a ruwan sabulu, a dawo da ita bayan mako uku a sake aunawa.

Hajiya ta sayi bututu ɗaya, ta ce sauran sai ta sayar da mai. Ni na ɗiga wa kyanwar. Takardar magani da Faransanci aka rubuta, kamar yadda aka saba, Hajiya kuwa karatunta na allo ne da ajami. Na yi mata bayani da Hausa a gurguje, saboda wasu makiyaya na jirana a waje da bijimi a kwance: kada a yi mata wanka kwana biyu, kada yara su taɓa wurin sai ya bushe. Ta ce, "To ɗana, Allah ya yi albarka." Suka tafi.

Abu biyu ban faɗa mata ba. Ban ce mata za ta ci gaba da ganin ƙuma na wasu makonni ba. Ban kuma ce mata akwai irin wannan bututu na kare, wanda ke kashe kyanwa ba.

Dalilin da ya sa ƙuma ta dawo

Ƙumar da ake gani a jikin kyanwa ita ce 'yar kaɗan. Masana na ƙiyasta cewa kusan kashi 95 cikin 100 na zuriyarta suna ƙasa, a matsayin ƙwai da tsutsa da kuma wadda ta naɗe kanta a cikin ɗan kumbo tana jiran fitowa. Macen ƙuma na iya yin ƙwai har 50 a rana. Ƙwan ba ya manne wa gashi, zubowa yake duk inda kyanwar ta kwanta: tsakanin buhuna, ƙarƙashin tabarma, tsagar daɓe, tsummokaran da ta haihu a kai. Tsutsar na son duhu da laima. Da hunturu iska kan busar da ita ta mutu, amma a watan Agusta a Garwa, ga ɗumi ga danshi, cikin mako biyu zuwa uku ƙwai ya zama ƙuma mai cizo. Wadda ke cikin kumbo kuma tana iya jiran watanni, sai ta ji ɗumi ko motsin mai wucewa ta fashe ta yi tsalle.

Fifuronil ba ya korar ƙuma daga nesa. Yana bazuwa ne a cikin maiƙon fatar kyanwar, ƙuma ta hau, ta taɓa shi, ta mutu cikin kwana ɗaya ko biyu. Kyanwar da aka sa wa magani ta zama tarko mai yawo a gida, tana kwasar sabbin da ke ƙyanƙyashewa. Saboda haka ganin ƙuma a jikinta a mako na biyu ko na uku ba alamar magani ya gaza ba ne. Sito ne ke ta aman abin da ya tara. Wannan shi ne hikimar cewa a maimaita wata uku.

Hajiya ba ta san haka ba. Abin da ta gani shi ne ta biya kuɗi, kyanwa ta huta kwana goma, yanzu ga ta tana susa, ga jikoki na sosa ƙafa. Duk mai hankali a matsayinta zai ce maganin ba shi da ƙarfi. Takardar likita na can cikin kwalla a ƙarƙashin kayan ɗinki. Ta ba jikanta kuɗi da saƙon baki: ya je kasuwa ya sayo maganin ƙuma na ɗigawa a wuya, amma mai ƙarfi.

A rumfar kasuwa

Rumfar irin wadda muka sani ce, ana sayar da maganin kaskar shanu da na feshin gona da irin shuka a kan tebur ɗaya. Mai rumfar ya yanko bututu guda daga cikin faranti, ba kwali ba takardar bayani. Ya ce wannan har kaska yake kashewa. Yaron ɗan makaranta ne, ya karanta abin da ke jiki, ya ce, "Baba, ai na kare ne." Mutumin ya ce ba komai, tunda kyanwa ba ta kai kare ba, ya sa mata rabi.

Ban ɗauka mugunta ce ba. Lissafi ne da muke yi kullum: abin da za a ba saniya, a rage a ba akuya; ƙwayar babba, a ɓalla biyu a ba yaro. A wurare da yawa ma lissafin nan kuskure ne, amma a kan kyanwa kisa ne. Kama da wane ba ta wane. Bututun da ya bayar na mililita 1 ne, na karnuka masu kilo 4 zuwa 10, ɗauke da miligiram 500 na wani maganin kashe ƙwari mai suna permetirin, wanda a kwali za ka ga "perméthrine". Rabinsa miligiram 250 ke nan, a kan dabba mai kilo uku da ɗoriya. A kwalin irin waɗannan magunguna akwai hoton kyanwa an ja mata layi, da gargaɗi ƙarara cewa kada a sa wa kyanwa. Kwalin ne aka yar kafin maganin ya iso hannun yaron.

Matsalar a hanta take. Hantar kare da ta mutum suna da hanyar da suke ɗaure irin wannan guba da wani sinadari, su mayar da ita abin da zai fita ta fitsari ko ta kashi. A wurin kyanwa wannan hanya rarrauna ce ƙwarai, haka Allah ya halicce ta. Shi ya sa ƙwayar farasitamol guda ke iya kashe ta. Permetirin na shiga ta fata, ya taru a jiki, ya kai ga jijiyoyi ya hana ƙofofin da ke kai saƙo rufewa. Sai jijiya ta yi ta harbawa ba tsayawa. Ɓarin jikin da na gani a kwando ke nan.

Bayan sallar magariba yaron ya ɗiga mata. Da yake bai ga yadda na buɗa gashi ba, sai ya zuba a saman gashin, ya ja layi a gadon baya, inda harshenta ke kaiwa. 'Yar kyanwar kuma ta zo ta kwanta a jikin uwarta kamar kullum, tana lasarta. Wajen ƙarfe 11 na dare Kwalli ta fara yarfa ƙafa kamar ta taka ruwa, tana tafiya tana tangaɗi. Ƙaramar ta riga ta shiga farfaɗiya. Hajiya ta yi abin da aka gada, ta ɗura musu manja da madara. Kafin ƙarfe 3 'yar kyanwar ta mutu a cinyar yaron, ba a ɗiga mata ko ɗigo ba.

Kwana uku a asibiti

Permetirin ba shi da makari. Aikin likita shi ne ya hana ƙarin guba shiga, ya kwantar da jijiyoyi, ya riƙe ran dabbar har jikinta ya fitar da abin da kansa.

Zafin jikinta ya kai digiri 40.6, alhali na lafiyayyar kyanwa tsakanin 38 ne da 39 da 'yan kai. Tsokar da ke ɓari ba hutawa ita ke dafa jiki, kuma wannan zafin na cikin abin da ke kashewa. Da likita ya iso ya fara da allurar kwantar da farfaɗiya ta jijiya, domin ba a wanke kyanwa tana tsakiyar fizge-fizge. Da ta lafa muka aske gashin da ya cure, muka wanke ta sau uku da sabulun ruwa na wanke kwanuka, wanda ke yanke maiƙo. Ruwan mai ɗan ɗumi ne kawai. Ruwan zafi na buɗe hanyoyin jini a fata ya ƙara shigar da gubar, na sanyi kuma na ƙara ɓari. Muka goge ta sosai, muka sa mata ƙarin ruwa, muka kai ta ɗakin baya mai duhu, saboda ƙarar babur ko hasken tocila kaɗai na iya tayar da farfaɗiyar.

Manjan ne ya fi tayar wa likita hankali. Dabbar da ke karkarwa ba ta iya haɗiya daidai, abin da aka ɗura mata na iya bin hanyar numfashi ya sauka a huhu. Kuma guba ce da ke narkewa a cikin mai, don haka ba taimako mai zai yi a ciki ba. Kwana biyu yana sauraron ƙirjinta safe da yamma. Allah ya sa huhun ya tsira. Da a daren nan an wanke su da sabulu tun alamar farko, an raba su, an nemo mu, da labarin ƙaramar ma wataƙila ya sauya.

Hajiya ta zo da hantsi, ta zauna a kan benci ba ta ce komai ba. Can ta ce, "Ɗana, garin neman gira na rasa ido. Dabbar da ba ta da baki, ni Allah zai tambaya." Na ce mata, "Hajiya, ku yi haƙuri. Da na gaya muku ƙumar za ta dawo, da ba ku aika kasuwa ba." Gaskiyata na faɗa, ba lallashi ba. Yaron kuwa ya ƙi zuwa makaranta ranar. Na nuna masa cewa shi kaɗai ne a cikin mu duka ya karanta abin da ke jikin bututun ya yi tambaya. Babba ne ya ba shi amsar da ba daidai ba.

An maimaita allurar sau da yawa a rana ta farko. A ta biyu ɓarin ya koma kunne da fatar baya kawai. Da yammacin rana ta uku ta miƙe tana layi, ta lashi ɗan kifin da yaron ya kawo mata daga bakin kogin Binuwai. Washegari aka sallame ta.

Komawa kan maganin da aka rubuta

Hajiya ta rantse ba za a ƙara ɗiga wa kyanwarta komai ba. Na fahimce ta, amma ƙuma na nan a sito, kuma ita ma ba ƙaramar cuta ba ce: tana shanye jinin ƙananan kyanwoyi har dasashinsu ya yi fari, tana dawo da tsutsar ciki, tana cizon yara. Likita ya ce a jira fatar ta warke kuma jikin ya dawo daidai. Bayan mako uku na je gidan da kaina da bututun fifuronil a cikin kwalinsa, na ce wannan karon yaron ne zai ɗiga, ina tsaye.

Mun fara da kwali. Na sa ya nemo kalmar "chat" da hoton kyanwa, ya duba ranar ƙarewar aiki, ya karanta wa kakarsa yana fassarawa. Hajiya ta karɓi biro ta rubuta "na kyanwa" da ajami a jikin kwalin, da ranar da za a sake. Muka auna Kwalli a cikin kwando da sikelin rataye da ake auna gyaɗa, muka cire nauyin kwandon. Ta rame zuwa kilo 2.9, har yanzu tana cikin ma'aunin bututun.

Muka bar wajen murhu, domin ruwan maganin na kama wuta, kuma gidan suyar ƙuli ne. Hajiya ta naɗe kyanwar da tsohon zane ta ɗora a cinya. Yaron ya sa yatsa biyu ya buɗa gashin ƙeya, can sama da allon kafaɗa inda harshe ba ya kaiwa, har farar fata ta bayyana. Ya ɗora bakin bututun a kan fatar, ya matse a hankali har ya ƙare. Hannunsa na rawa, amma bai zubar ba. Ba a murzawa, ba a shafawa. Ya wanke hannu da sabulu, muka naɗe bututun a leda aka jefa inda yara da kaji ba za su kai ba. Da yamma muka yi, don ya bushe cikin dare, aka kuma ce ranar Kwalli ba za ta kwana a shimfiɗar yara ba. Da akwai kyanwa ta biyu, da an raba su ɗaki har gashin ya bushe.

Na gaya musu bambancin da ya kamata su riƙe. Idan kyanwa ta samu ta lashi ɗan maganinta na gaskiya, tana iya dalalar da miyau na ɗan lokaci saboda ɗaci, ya wuce. Amma ɓarin jiki, tangaɗi, ko fizgar kunne da fata, wannan ba a jiran safiya.

Sauran bututun guda biyu Hajiya ta so ta ajiye a kan taga. Na ce a'a. Ana son maganin nan a ƙasa da digiri 30, mu kuwa a Maris da Afrilu muna wuce 40. Ta sa su a kwalla a ɗakin ƙasa, kusa da randa. Wannan ma wani dalili ne na guje wa bututun da ya wuni a kan tebur a rana.

Sai aikin gida, wanda ya fi ɗigawa wahala. Aka fitar da buhuna, aka share sito lungu-lungu aka ƙone sharar, aka yar da tsummokaran haihuwa, aka wanke zannuwa, tabarmi suka sha rana. Haka duk mako. Wani maƙwabci ya kawo shawarar a yayyafa piya-piya ko ragowar maganin feshin auduga. A ɗakin da ake ajiye abincin mutane, kuma kyanwa ke tafiya tana lasar tafin ƙafa, na ce sam. Haka maganin kaskar shanu, da kananzir, da baƙin mai, duk na taɓa ganin an shafa wa kyanwa, kuma ban taɓa ganin ya ƙare lafiya ba. Maƙwabcin na kiwon zomaye, ya tambaya ko zai sa musu irin na Kwalli. Na ce fifuronil ɗin da ya dace da kyanwa shi ke kashe zomo. Yana da kare a gona kuma, na ce in ya ɗiga masa mai permetirin, ya tsare shi kwana uku kada ya haɗu da kyanwa.

Hajiya ta yi tambayar da ban zata ba: gidan sauron da aka raba musu ai shi ma da magani, ko ta cire? Na ce kada ta cire. Abin da ke cikinsa kaɗan ne kuma a ɗaure yake a zare, zazzaɓin cizon sauro kuwa ba ya wasa da yara. Ta dai hana kyanwar taunarsa.

A asibitinmu likita ya sauya abu uku bayan wannan. Ba ma ba da bututu ba tare da kwali ko takardarsa ba. Duk mai kyanwa sai mun faɗa masa da bakinmu, da Hausa ko Fulatanci, cewa zai ga ƙuma har wata biyu ko uku, kuma maganin ƙuma na kare kisa ne ga kyanwa ko da ɗigo ne. Sannan muna sa shi ya maimaita mana abin da ya ji kafin ya fita, ko da bijimi goma na jira a waje. Na kuma je rumfar nan na yi wa mutumin bayani ni da shi. Ya yi shiru, ya ce bai sani ba. Na bar masa wani kwali da babu komai a ciki, mai hoton kyanwar da aka ja wa layi, ya maƙale shi a jikin ginshiƙin rumfar.

An ɗiga na uku a watan Nuwamba, iskar hunturu ta fara kaɗawa. Yaron ya taje Kwalli a kan farar takarda, ya ɗiga ruwa, ba ja. Gashin da muka aske ya fito, ɗan duhu fiye da sauran. Hajiya ta ce an yi masa alkawarin wata 'yar kyanwa daga gidan ƙanwarta a garin Fitowa, amma ya ce a bari tukuna sai ta kai kilo ɗaya.